Magana A Kan Tawadar Allo Da Launin Zayyana

Akwai wani al'amari da ya shigo tsangayu a hankali, har ya zauna ba a tanka masa ba. Watau barin tawadar gida a koma ta kwalba da fentin kanti.

Kowane gardi ya san yadda ake zuge. A ƙona itacen aduwa, a daka gawayin, a tafasa shi da ƙaro, a tace. Ƙaro shi ke kama baƙin ya zauna a allo, ruwa kuwa ya ɗauke shi ba wuya. Tawadar takarda dabam take, ita ce yambari, wadda ake haɗawa da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera. Tana cin takarda ta zauna, shi ya sa Alƙur'anan da kakanni suka rubuta suke karantuwa har yau, baƙaƙe da baƙi, wasula da ja, hamza da ɗigon rawaya.

To, abin da ya kamata malamai su tsaya a kansa shi ne, rubutun allo ba a kan allo yake ƙarewa ba. Ana wanke shi a ba maras lafiya, a ba mai ciki, a ba yaron goye. Almajiri kuma, kowa ya gani, yakan lashi allonsa ya share kuskure. Gawayi da ƙaro an san asalinsu. Tawadar da aka yi domin hatimin ofis ko alƙalamin kanti kuwa, mai yin ta bai taɓa nufin ta shiga cikin mutum ba. Malamin da ya rubuta da ita ya ba da a sha, amana ce ya ɗauka wadda bai san nauyinta ba.

Kada kuma a ce duk abin da ya fito daga ƙasa lafiya ne. Zarnik, dutsen nan mai ba da rawaya, guba ne, wurinsa takarda kaɗai. Masu zayyana na da sun san wannan bambanci, sun san jar ƙasa da farar ƙasa da shuni, sun san gwargwadon ƙaron da kowanne ke so. Ilmin nan ne ake tsoron ɓacewarsa, gama mai zayyanar allon sauka na yanzu, in ya sami fenti a gwangwani, ba ya sake tambayar kowa.

Wanda yake ganin sana'ar launi ba ta mutuwa, ya je Ƙofar Mata a Kano ya duba. An ce tun 1498 ake rini a wurin. Baturen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai rinannen tufafinta har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Baba da toka da ruwa ke nan, ba a zubar da kome, katsin da ya kwanta a gindin karofi ma akan ƙona shi a yi laso. A 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin da suka haɗa a masana'anta. Yau karofi da yawa sun cika da shara, kaɗan ke aiki.

Fatake suna da hujja, ba a raina ta ba: na kanti ya fi araha, ya fi sauri, mai saye kuma yana son ƙyalli. Ba laifi a sayar da shi. Laifin shi ne a tsoma zane a ruwan kanti a ce wa Buzu rinin baba ne, ko a sayar wa almajiri tawada ba a gaya masa ba ta sha ba ce. Wannan algus ne, hukuncinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne ga masu karatu.

Saura itatuwan. Aduwa ita ce allo, ita ce tawada, ga shi masu gawayin sayarwa suna sare ta daga tushe, alhali ɗan reshe ya ishi makaranta guda kwanaki da yawa. Tsangayar da ke da fili a bayanta ta dasa aduwa da bagaruwa da damina, a sa gardawa su tsare su daga awaki, a kuma keɓe ranar Alhamis, da ba karatu, a koya wa ƙolawa dafa zuge.