Kafin a Sake Sayen Fom

Duk shekara, da zarar an kafe sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu, iyaye kan cika ofisoshinmu da tambaya guda: yaro ya sake nema? Ya sake, amma ba da ka ba. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, saboda haka kowane yunƙuri sabon kuɗi ne, kuma shekara ce daga rayuwar matashi.

Na san yarinyar da ta nemi likitanci sau huɗu, alhali makinta na farko ya isa ya ba ta ilimin sinadarai. Babu wanda ya gaya mata. Laifinmu ne. Jami'a kan ƙi ɗalibi ba tare da bayyana dalili ba: ƙarancin maki ne, rashin kiredit a Turanci ne, ko cikar gurbi? Wajibi ne hukumomin jami'o'i su riƙa sanar da kowane ɗalibi dalilin a rubuce.