Mashaƙo a Kano: me ya sa masu bincike ke son jin ta bakinku?

Lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke a Kano a 2023, alƙaluma sun nuna cewa akasarin yaran da suka kamu ba su kammala allurar rigakafi ba. Sai dai ƙidaya ba ta bayyana abin da ya hana su.

Shi ya sa ake buƙatar binciken da ake yi ta hanyar hira. Akan zauna da mutum ɗaya, ko iyaye shida zuwa goma, a naɗi muryoyinsu, a rubuta duk abin da suka ce, sannan a tattara maganganun da suka yi kama da juna.

A nan sabon shiga ke tuntuɓe. Idan uwa ta ce "maigida bai yarda ba", sai a rubuta ƙin rigakafi, alhali wataƙila kuɗin mota ne babu, ko yaro ya yi zazzaɓi bayan allurar farko ba wanda ya yi mata bayani. Kowanne da maganinsa daban.

Idan aka nemi hira da ku, kuna da damar ƙi, kuma hakan ba zai shafi kulawar da kuke samu a asibiti ba. Ku tambaya ko za a sakaya sunanku kafin a fara naɗa.