Jan Hankali ga Malamai a Kan Ɗinkin Iyayenmu Mata

 Ya ku malamai da almajirai na Anka da Gummi da Bukkuyum da ƙauyukansu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata magana ce da na ji daga bakin wani malami, mutumin kirki kuwa, wanda ba ni ambaton sunansa. Ƙanwar mahaifiyarsa ce 'yan bindiga suka kashe mata miji, suka tashi ƙauyensu, ta taho ta zauna gidansa da jikoki uku marayu, shekarunta sun haura hamsin. Ta roƙe shi ya ranta mata kuɗin keken ɗinki, ko tsoho ne. Ya ce mata, “Haba Inna, yanzu kuma? Ki riƙi tasbaha ki huta, abin da muka ci ki ci.” Shi a ganinsa ya cika zumunci. Ni kuwa na ce masa, Malam, ka ciyar da ita, Allah shi saka maka, amma fa ka ɗaure mata hannu. Ran da ka kwanta ciwo, ko kai ma aka tashe ka, wa zai riƙe ta da yaran nan? Ya yi shiru. Na san kuwa irin wannan Inna ba ɗaya ba ce cikin garuruwanmu yau, kusan ba gidan da babu tasa.

To, ga wani labari daga ƙasar Amurka. Akwai wata mata ana ce da ita Vera Wang, iyayenta mutanen Sin ne, an haife ta a birnin Niyok cikin 1949. Tana yarinya ta so ta shahara wajen wasan zamiya bisa ƙanƙara, ta nemi shiga cikin waɗanda za su wakilci ƙasarsu a 1968, ba ta samu ba. Sai ta kama aiki a wata mujallar tufafi mai suna Vogue, ta yi shekara 17 tana duban tufafin da wasu suka ɗinka, tana zaɓe tana zubarwa, sa'an nan ta yi kamar shekara biyu a gidan tufafin Ralph Lauren. Ba ta yi aure ba sai 1989, tana bakin shekara 40. Da ta nemi rigar amarci ba ta ga wadda ta dace da mace mai shekarunta ba, sai ta tsara tata. Shekara na zagayowa, cikin 1990, ta buɗe shagon rigunan amare, kuma tun daga sa'an nan sunanta ya game duniya. A Faransa ma an yi wata, Coco Chanel, wadda ta rufe gidan ɗinkinta a 1939, ta sake buɗewa a 1954 tana da shekara 70. Jaridun Faris suka yi mata dariya, matan Amurka suka saye kayan, ta yi ta aiki har ta mutu a 1971.

Kada wani ya ce na zo ina yabon tufafin Turawa. Yawancin abin da matan nan suka ɗinka ba sutura ba ce a shari'armu, ita ta biyun ma halinta zamanin yaƙin Jamus ba abin koyi ba ne. Abin da nake so ku lura da shi daban ne. Vera Wang ba da saurin hannu ta ci kasuwa ba, akwai 'yan mata dubu da suka fi ta iya tura allura. Da ido ta ci, idon da ya yi shekara ashirin yana kallon yadi da jikin mutane har ya san abin da ke zama da abin da ba ya zama. Irin wannan ido yarinya ba ta da shi, sai an daɗe a duniya ake samunsa. Abu na biyu, mahaifinta mai dukiya ne, shi ya ba ta jari. Bai ce mata ki huta ba.

Amma me ya kai mu Amurka, ga Zariya nan kusa? Dattawanmu sun sani, a da ɗinkin babbar riga aikin maza ne, galibi ma malamai da almajiransu. Malami na zaune a zaure, littafi a gefe, riga bisa cinya, yana jin haddar yara yana cika aska biyu ko aska takwas. Mace nata kaɗi ne: ta gurje auduga, ta shiɓe, ta ɗauki mazari da alli, ta fitar da zare da abawa, wata kuma ta saƙa gwado. Da zaren kanti da yadin masaƙa suka cika kasuwa, kaɗi ya mutu, matan cikin kulle suka rasa abin yi. Daga wajen shekarun 1970 sai matan birnin Zariya suka fara karɓar allura daga hannun mazansu da 'yan'uwansu, da hula da wuyan kaftani har babbar riga kanta, yau kuwa ba mai mamakin ganin riga ta sarauta wadda mace ta ɗinka cikin ɗakinta. Cikin 1994 wasu daga cikinsu suka haɗa ƙungiya da sunan Sarauniya Amina, tare da wata malamar jami'a Ba'amurkiya mai suna Elisha Renne, suka riƙa ɗora zanen riga bisa rigar matashi da shimfiɗar tebur da tufafin mata, har kayansu suka kai kasuwar Amurka. Da yawa cikin matan Zariya da suka kama wannan aiki ba 'yan mata ba ne, iyayen 'ya'ya ne, wasu da jikoki.

Sai dai akwai wani abu cikin al'amarin ɗinkin riga wanda shi ne ainihin maganata. Riga hannu uku take bi. Mai ita ko dillali ya sayi shadda, ya kai wa mai zane ya fitar da tambari da aska da gidan biyar da cin wuya, sa'an nan a aika cikin gida mace ta cika. Mai zane ya gama nasa kafin la'asar. Ita kuwa ta yi makonni, wani lokaci watanni, tana sunkuye har wuya ya ƙage, ba ta san nawa aka sayar ba, abin da yaro ya miƙo mata shi ne nata. Zane ya zauna hannun maza, ciniki ya zauna hannun maza, ita aka bar mata ciwon ido. Wanda ya tsara shi ne mai sana'a, wanda ya cika ɗan ƙodago ne. Bambancin Vera Wang da Innar malaminmu ke nan, in an bar Inna ga cikawa kaɗai.

To, wa ke da ilmin zane a ƙasar nan? Ku ne. Almajirin da ya iya zayyanar allon sauka, ya san raba fili da zare, ya san inda ja ke zama da inda kore ke zama, ya iya jan da'ira ba ta karkace ba, wallahi ya iya zanen hula da na wuyan riga, kwana kaɗan zai yi ya gane. Wannan ilmi yana kwance cikin makarantunmu, muna fitar da shi ran walima mu mayar. Me zai hana malami ya koya wa matarsa da ɗiyarsa, su kuma su koya wa zawarawa da tsofaffin unguwa? A haɗa musu da awo da yanka da lissafin yadi, don mace ta san abin da ta kashe da abin da ya kamata ta nema.

In wani ya ce, wannan shagaltar da tsofaffi ne da duniya alhali kabari ya matso, sai in ce masa ya koma ga littattafan da yake karantarwa. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi jima take yi da ɗinkin fata da hannunta, tana sadaka da abin da ta samu, kuma da wannan sadaka aka gane ita ce Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, yake nufi da wadda ta fi tsawon hannu cikin matansa. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'udu da aikin hannunta ta ciyar da mijinta da marayun da ke ɗakinta, aka yi mata bushara da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Wace tasbaha ce ta hana su? Nana Asma'u, Allah shi jiƙanta, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta tashi yaɗa karatu cikin ƙauyuka ba amare ta nema ba. Dattijan mata ta zaɓa ta naɗa su jaji, ta ba su malfa da jan rawani, su ke jagorantar 'yan taru, domin ta san mace in ta manyanta ita ke da sarari da kwarjini da izinin shiga kowane gida. Kuma a ƙasar Zamfara ɗin nan ne, wajen 1201 ta Hijira, Malam Mustafa Goni ya soki Shehu Usmanu a kan barin mata su halarci wa'azi, Shehu ya sa Abdullahi ya ba shi amsa, kamar yadda ya zo cikin Tazyinul Waraƙati. Gardamar tsohuwa ce, kuma mun san ɓangaren da magabatanmu suka tsaya.

Akwai ma wata fa'ida da ta shafi addini kai tsaye. Kullum muna kuka bisa mumbari cewa 'yan matanmu na tsayawa gaban tela namiji yana zagaya su da igiyar awo. Kukan gaskiya ne, amma wa muka tanada ya auna su? In kowace unguwa tana da dattijuwa mai keke wadda ta iya yanka, kayan sallah da na lefe da hijabin Islamiyya duk sai su ƙare cikin gida, ba sai an yi wa'azi ba.

Ku tuna kuma abin da ke faruwa in mace ta rasa sana'a mai tsabta. Hannu ba ya zama banza, abin da ya samu shi yake kamawa. Cikin 2010, a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega ta ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru ta ƙasar Bukkuyum, an riƙa shigo da dutsen zinariya cikin gidaje, mata na daka suna niƙa suna shanya, wani lokaci da turmin da ake dakan hatsi. Dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta zauna bisa ƙasar da yara ke rarrafe, yara fiye da 400 suka mutu, wasu suka tashi da lalurar ƙwaƙwalwa, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo aka yi ta magani, aka kankare ƙasar gidaje, Bagega ma ba a kai gare ta ba sai 2013. Ba na ɗora laifi kan iyayen nan, ba su sani ba, kuma talauci ne ya kai su. Amma ban manta ba cewa da yawanmu lokacin mun ga turmin, ba mu tambaya ba.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Masaƙar Gusau ta rufe, ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe, yadin Sin da gwanjo sun cika kasuwa, injin surfani kuma yana gama cikin sa'a abin da hannu ke yi cikin mako. Wadda ta ce za ta yi gasar araha da inji ta faɗi tun ba ta fara ba. Abin da ya rage mata shi ne abin da inji bai sani ba: jikin maƙwabciyarta, da hular da mai ita ke son a ce babu irinta, da kayan jariri da zanen gado na amarya, da gyaran abin da aka saya bai zauna ba. Idon tsohuwa kuma yana son tabarau, kuɗinsa bai kai na buhun masara ba, amma sau nawa aka bar uwa ta daina aiki don ba wanda ya kai ta a duba ta? Mutanen Gummi da ambaliyar watan Agusta na 2024 ta rushe wa gidaje sun san wata wahalar kuma, keke da yadi duk ruwa na ci. Ilmin yanka da zane kaɗai ne ya fita tare da masu shi.

Batun jari, malamai sun fi ni sani. A mazhabarmu ya halatta a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara daga zakka, malaman Shafi'iyya kuwa irin su Nawawi sun bayyana cewa mai sana'a ana ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa. Maimakon a raba zakkar unguwa mudu mudu ta ƙare cikin kwana uku, a tara ta wuri ɗaya a saya wa mace guda keke da almakashi da yadin farawa, baɗi a saya wa wata. Masu adashe su ma su sa irin waɗannan mata cikin zubi. Limamai kuma su rubuta sunayensu su kai gaban Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, kada su jira a zo a tambaye su.

Ku kuma almajirai, ku ne ƙafar matan kulle. In Inna ta ba ka hula ka kai kasuwa, ka faɗa mata gaskiyar abin da aka saya, da abin da mai saye ya yaba da abin da ya kushe, da launin da ka ga ana nema. Ladan aikenka ka karɓe shi a fili, kada ka yanke shi a hanya. Wanda ke da waya cikinku ya ɗauki hoton aikin ya nuna wa 'yan'uwa na Gusau da Sakkwato, amma kuɗin ya faɗa hannun mai aikin.

Malamin da na ba ku labarinsa ya ce mini zai yi shawara da mai ɗakinsa. Na ce masa ni zan kawo takarda da alƙalami, babban almajirinsa ya fitar wa Inna zanen hula uku ta gwada hannu kafin a yi maganar keke. Mun yi alkawari ran Jumma'a bayan an sauko. Duk malamin da ke da irin wannan uwa a gidansa, ko ya riga ya gwada abin da na faɗa, ya rubuto mana yadda ta kasance, da daɗi ko ba daɗi, za mu buga.