Tsofaffin Kwamfutocinmu da Windows 11: Kada a Yi Gyaran Gangar Auzinawa

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko wa manhajar Windows 10 facin tsaro na kyauta. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum. Sai dai duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikinta, babu mai zuwa ya toshe. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin kwamfutocin tebur da ke ofisoshin shugabannin makarantu da gidajen malamai, daga Kafur zuwa Masari, Mahuta da Gozaki, akasari na hannu ne, kuma sun ga jiya sun ga yau.

Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa. Tana buƙatar ram na gigabait 4, ma'ajiya ta gigabait 64, da ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8, wadda ta fara shiga kasuwa a 2017, ko makamanciyarta. Wani sharaɗin da ke kayar da tsofaffin na'urori shi ne TPM 2.0, wani ɗan ƙaramin sashe da ke ɓoye makullan sirrin kwamfuta, ta yadda ko an sace ma'ajiyarta ba za a iya karanta abin da aka kulle a ciki ba.

To, ga inda gardama take. Masu gyara a Malumfashi da Funtuwa sun san dabarar tsallake waɗannan sharuɗɗa. Da filash ɗaya da wata manhaja mai suna Rufus, cikin sa'a guda sun ɗora Windows 11 a kan na'urar da kamfanin ya ce ba ta cancanta ba. Wasu daga cikinmu na cewa a yi hakan kowa ya huta, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Malamin da ke haɗa albashi da noman masara kafin ya riƙe gida, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, ba shi ne za a ce ya jefar da na'ura mai aiki ba. Ga kuma yaranmu: tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, WAEC ta fara gwada nata tsarin da masu zana jarrabawa daga waje a 2024, mu kanmu jarrabawar TRCN a kan allon kwamfuta ake zana ta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an riga an cuce shi.

Duk da haka, wajibi ne mu san abin da dabarar take bayarwa da abin da ba ta bayarwa. Tsallake sharaɗi ba ya haifar da TPM inda babu shi. Rufe idon mai gadi kawai ake yi. Microsoft ya bayyana cewa bai yi wa irin wannan na'ura alkawarin samun sabuntawa ba. A aikace facin wata-wata yakan zo, amma babban sabon zubi na shekara ba ya sauka da kansa, sai an sake ɗorawa da hannu, alhali kowane zubi wata 24 ne wa'adinsa ga kwamfutocin gida. Na'urori masu tsohuwar ƙwaƙwalwa irin Core 2 Duo kuwa, zubin 24H2 ba ya tashi a kansu ko da wace dabara. Mafi muni shi ne gurɓatacciyar Windows da ake yawo da ita a filash, wadda ba a san hannun da ya taɓa ta ba. Araha ba ta ado.

Kada a ɗauka rashin faci ƙaramin abu ne. A Mayun 2017 manhajar fashi ta WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Facin da zai hana wannan ɓarna ya fito wata biyu kafin nan. Waɗanda ba su ɗora shi ba ne suka sha wuya. Kwamfutocin makarantunmu suna ɗauke da sunayen yara, hotunansu, lambobin NIN, sakamakon jarrabawa da bayanan albashi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan wanda ya tattara su.

Saboda haka matsayinmu shi ne a raba na'urorin gida uku, kamar yadda manomi yake ware iri da na ci da na kasuwa.

Kashi na farko, kwamfutar da ake rajistar ɗalibai da ita ko ake ajiye bayanansu. Wannan kada a yi mata dabara. A fara gwada ta da manhajar PC Health Check, domin sau da yawa TPM yana nan, kashe shi kawai aka yi a saitin BIOS, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Kunna shi ba ya cin ko kwabo. Idan ta gaza duk da haka, a nema mata ƙarin wa'adin tsaro ko a sauya ta.

Kashi na biyu, na'urorin da yara ke koyon buga rubutu da atisayen jarrabawa. A nan ba mu ga laifin tsallake sharaɗi ba, muddin daga shafin Microsoft aka sauko da manhajar, an kwafe abin da ke ciki tukuna, kuma an rubuta ranar aikin a jikin na'urar don a san lokacin sake duba ta.

Kashi na uku, waɗanda suka tsufa tukuf. A ɗora musu Linux Mint tare da LibreOffice, dukansu kyauta ne, ko kuma a bar su da Windows 10 a raba su da intanet. Haruffan allon bugu ba su canza wuri ba, yaro zai koya.

Sauran aiki na hukuma ne. Microsoft ya sanya wa makarantu ƙarin wa'adin tsaro a kan dala 1 ga kowace na'ura a shekarar farko, dala 2 a ta biyu, dala 4 a ta uku, har zuwa Oktoban 2028. Ta hanyar lasisin cibiyoyi ake sayensa, don haka ba aikin hedimasta shi kaɗai ba ne. Muna kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Katsina da hukumar SUBEB su duba wannan dama, su kuma tabbatar duk kwamfutar da za a sayo nan gaba, ko a ƙarƙashin shirin AGILE ko waninsa, ta cika sharuɗɗan Windows 11.

Mu kuma namu shi ne ƙidaya. Kowane wakilin makaranta ya rubuto wa reshe yawan na'urorinsa, irin ƙwaƙwalwarsu da aikin da ake yi da kowace, kafin lokacin rajistar jarrabawa ya matso. Da wannan lissafi za mu je gaban hukuma. Ba a fafe gora ranar tafiya.