Kafin a toshe tagogin bas da ƙarfe

Yau maganar mota za mu yi, amma uwargida kada ki wuce, domin idan ruwa ya jiƙa dilar atamfa, tukunyarki ce take fara ji.

'Yan'uwanmu da yawa a Kwatano, Lome da Kumasi suna sayen tsohuwar bas, Sprinter ko Hiace, su cire kujeru da gilasan taga, a rufe gurbin da fallen ƙarfe, ta koma motar kaya ko shagon tafi-da-gidanka. Wanda ya taɓa shiga Suame Magazine ya ga irin aikin. Da walda ake yi, sai dai walda tana lanƙwasa siririn ƙarfe, tana ƙone fentin ciki, tsatsa ta samu wurin zama. Shi ya sa masu haɗa bas a Turai suka daɗe da komawa ga gam.

To, wane gam? Ni dai abin da nake hana mutane shi ne silikon ɗin nan na banɗaki mai warin tsami. Yana da arha, amma tsaminsa yana cin ƙarfe, fenti ba ya kama shi, kuma duk inda ya taɓa, wani gam ba zai zauna ba sai an kankare tas. Na jikin mota shi ne irin su Sikaflex. Ko a cikinsu akwai bambanci: 221 ya fi dacewa da toshe kafa, 252 shi ne na riƙe falle. Ka duba kwanan watan da ke jikin kwalin, don wanda ya shekara yana shan rana a shago ya riga ya fara daskarewa a ciki.

Mafi yawan aikin a shiri yake. A goge fuska biyun da samfefa, a share da sifirit, a bari ya bushe sarai, don ragowar sifirit tana hana wannan gam kamawa. Ban da fetur, ban da kalanzir, maiƙo suke bari. Sannan a shafa firaimar da kamfanin ya ce.

Ga inda na fi ganin ana sakaci. Mai aiki ya matsa gam, sai ya danne fallen da ƙarfinsa har gam ɗin ya fito duka ta gefe, wai ya kamu. Wallahi ɓarna ce. Ana son kauri ya rage a tsakani, kamar milimita 2 zuwa 3, har ƙananan guntayen roba ake sawa don kada ya matse. Dalili kuwa, ƙarfe yana miƙewa idan rana ta buga, ya koma da dare, kuma alminiyon yana miƙewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Kaurin nan ne ke shanye motsin, da girgizar hanya. Yana kuma raba ƙarafan biyu, don idan suka haɗu da danshi alminiyon ɗin ne ke cinyewa.

Sai haƙuri. Wannan gam da danshin iska yake nuna, daga waje zuwa ciki, 'yan milimitoci a yini. A bakin teku kamar Duwala yana sauri. A Maraɗi ko Njamena cikin hunturu sai an ƙara masa kwanaki. Kuma a inuwa za a yi aikin, a ɗora fallen cikin mintoci kafin gam ya yi fata. Ni ina son a ƙara ƙusar ribit a kusurwoyi, ta riƙe har ya nuna, a kuma bi bakin da fenti saboda rana tana tsufar da shi.

Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, shiga ciki ka rufe ƙofa, ka sa yaro ya yi ta watsa ruwa daga sama, kai kana bin kowane gefe da tocilan.