Ƙarin Sifirin Ba Ya Mai Da Jaki Raƙumi

Duk wanda aikinsa ya kan kai shi ƙauyuka, ko mai duba makarantu ne, ko malamin gona, ko malamin asibiti, ya sani inda kwalta ta ƙare nan mulkin tsohuwar a-kori-kura ya ke farawa. Ita ke kai littattafai da alli makarantun da ke ƙetaren rafi, ita ke fito da hatsi ran kasuwa, a bayanta kuma a kan shimfiɗa wa mai naƙuda tabarma in haihuwa ta zo da gardama. Saboda haka lafiyar waɗannan motoci magana ce da ta shafi jama'a duka. Abin da mu ke so mu jawo hankali a kai yau shi ne wata al'ada da ta zama ruwan dare, watau da mutum ya sayi tsohuwar mota sai ya garzaya da ita gareji a ƙara mata sifirin, a ɗaga ta sama, domin ta ɗauki ninkin kayan da aka ƙera ta dominsa. A ganinmu wannan araha ce wadda ba ta ado, kuma sau da yawa da rayuka a ke biyan cikon kuɗinta.

Bari mu fara da bayanin abin da ke ƙarƙashin motar. Tun da aka fara nuna Land Rover a birnin Amsterdam cikin 1948, a bisa sifirin mai falle-falle aka ɗora ta, watau fallayen ƙarfe dogo bisa gajere, an ɗaure su da ƙusa guda a tsakiya, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Haka aka yi ta ƙera irinta har 1985, ko da ya ke tun 1983 kamfanin ya fito da wata sabuwa mai sifirin naɗaɗɗe. Ita kuwa Toyota Land Cruiser mai lamba 70, wadda ta fito cikin 1984, an sake mata na gaba cikin 1999, amma an bar mata mai falle a baya. Haka Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, wadda mutanenmu suka saba da ita bayan an buɗe masana'antar Kaduna cikin 1975. Dalilin da maƙera suka riƙe wannan tsohuwar dabara a fili ya ke: tana da juriya, tana da sauƙin gyara, kuma ita ce ke riƙe aksul a mazauninsa.

Aikin sifirin shi ne ya lanƙwasa in taya ta faɗa rami, sa'an nan ya komo. Amma in an bar shi shi kaɗai sai ya yi ta lilo, don haka aka haɗa shi da shokazoba, wadda ke tura mai ta cikin ƙananan kafofi har lilon ya mutu. A hanyar burji mai gargada wannan mai ya kan yi zafi ƙwarai, ƙarfinsa ya ragu. In shokazoba ta mutu, taya ta kan riƙa tsalle tana barin ƙasa, taya kuwa da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

To, me ke faruwa in an cusa falle uku ko huɗu bisa na asali? Lalle motar za ta daina durƙusawa in an yi mata lodi, nan ne kuwa ruɗin ya ke. Durƙusawar nan ita ce harshen da mota ke gaya wa direba kaya sun isa, mai ƙarin sifirin ya toshe mata baki ke nan. Mafi yawan waɗannan motoci abin da aka yanka musu bai wuce tan guda ba, watau buhu 10 na masara mai kilo 100, har da nauyin direba da yaransa a cikin lissafin. Ba ƙarfin sifirin kaɗai aka duba aka yanka wannan adadi ba. An duba ƙarfin aksul, da na taya, da faɗin birki. Duk waɗannan suna nan yadda su ke bayan an gama ƙarin. Birkin da aka yi domin tsai da buhu 10 shi ne za a nema ya tsai da 20 a gangara, ga fasinja zaune bisa kaya. Bayan wannan, sifirin da ya yi tauri ba ya shanye duka, sai ya miƙa shi ga ƙashin motar, a kwana a tashi ka ga tsaga ta fito daidai inda aka rataye shi.

Na biyu shi ne ɗaga mota. Masu yi suna cewa don kada cikinta ya taɓa ƙasa a hanyar da manyan motoci suka haƙe da damina. Hujjar tana da ɗan ƙarfi, amma a lura, abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun nan na tsakiyar aksul, shi kuwa tsawon taya ne kaɗai ke ɗaga shi. Ko an ɗaga jikin mota kamu guda, yana nan inda ya ke. Abin da aka samu kurum shi ne nauyi ya koma sama, kuma kowace yarinya mai tallan fura ta san dogon kaya ya fi saurin tuntsurewa. In an tsawaita maratayin sifirin gaba, sitiyari ya kan rasa natsuwa, furofela ta karkace ta riƙa cin mahaɗanta, robar man birki kuma ta yi gajarta, ran da taya ta zurma rami mai zurfi ta tsinke.

Na uku, wanda ya fi sauran muni, shi ne kai karyayyen falle wurin mai walda, ko gasa wanda ya saki da wuta don a mai da masa lanƙwasarsa. Ƙarfen sifirin horarre ne, an gasa shi an kashe shi bisa ƙa'ida, kamar yadda maƙeri ke yi wa bakin gatari. Wutar walda tana warware wannan horo, sai ya sake karyewa a gefen ɗinkin, ba kuwa zai yi shawara da kowa game da wurin da zai karye ba.

Kada a ɗauka muna hana kowane irin gyara. Motar da kullum ta ke ɗauke da tankin ruwa ko kayan haƙar rijiya ta cancanci sifirin mai ƙarfi, muddin wanda aka ƙera domin irinta ne, an haɗa shi da shokazoba daidai da shi, ba a kuwa ƙetare nauyin da maƙera suka rubuta ba. Ɗagawa ta inci 2 ma ba ta cika kawo ɓarna ba in gwani ya yi, ya duba robar birki. Mun kuma san uzurin masu mota: kayan gyara sun yi tsada, mai ya yi tsada, sawu ɗaya da cikakken lodi ya fi musu sawu biyu riba. Amma a sa kuɗin aksul da ya karye a daji, da kwanakin da mota za ta yi a kan dutse, da haƙƙin wanda ya rasa ƙafa, a sake lissafi.

Kulawar da ta kamata kuwa ba ta da tsada. A wanke laka daga tsakanin fallaye bayan kowace tafiyar damina, gama laka na riƙe danshi, danshi na kawo tsatsa. A duba ƙarafan nan masu kama da harafin U da ke ɗaure sifirin da aksul, a ƙara musu ɗauri bayan tafiyar farko in sababbi ne. In sun yi sako-sako ƙusar tsakiya ta kan gutsure, aksul ya goce, ka ga mota na tafiyar kaguwa. A sa giris inda aka yi masa kafa, amma kada a shafa wa bushin roba baƙin mai, yana cinye shi. In an sa sabon bushi, kada a ƙarasa ɗaurewa sai an sauke mota ta tsaya bisa ƙafafunta. Shokazoba da ta fara zubar da mai a sake ta tare da 'yar'uwarta, haka sifirin, hagu da dama tare. Masu tsohuwar Land Rover su lura, sifirin ɓangaren direba ya ɗan fi na ɗaya ɓangaren lanƙwasa, kada a musanya su.

A nan ne maganar ta komo kanmu, mu ma'aikatan ilmi. Tun 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa sifirin yana miƙewa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, har zuwa wata iyaka, in an wuce ta ba ya komowa. Muna koya wa ɗalibanmu wannan a kwalejin horon malamai, su haddace, su ci jarrabawa, sa'an nan ran hutu su hau bisa buhuna a motar da ta ƙetare iyakar, ba wanda ya ga dangantakar karatun da abin da ya ke zaune a kai. Ya kamata malamin kimiyya ya riƙa fita da ajinsa gindin mota, ya kirawo bakanike ya nuna musu da hannu. Yaran gareji kuma, waɗanda yawancinsu da ido suka koyi sana'a, a buɗe musu ajin yamma su san dalilin abin da hannunsu ya riga ya iya.

Muna roƙon shugabannin tasha su hana lodin da ya wuce kima tun mota ba ta tashi ba, ma'aikatan duba motoci su riƙa sunkuyawa suna ƙirga falle, kada su tsaya ga takarda. Fasinja kuma in ya ga mota ta yi tsayi kamar rumbu, ga ɗinkin walda a sifirinta, ya haƙura ya jira ta baya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya kiyashe mu, ya kai kowa gida lafiya, amin.