Abincin Wani Gubar Wani

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, tun da muka dawo daga dogon hutu ƙawayena suke tsare ni da tambaya guda, wai me na sha na rage jiki haka. Da na gaya wa wata cewa an daina dafa alkama a gidanmu, kafin gari ya waye magana ta zaga ɗakunan kwana cewa barin burodi shi ne maganin ƙiba. Yanzu haka akwai 'yan ajinmu da ke ture burodinsu na safe, su shiga aji da ruwan shayi kaɗai a cikinsu, kafin ƙarfe goma sha ɗaya sun fara gyangyaɗi. Tun da bakina ne ya jawo wannan, ya zama dole in gyara. Ra'ayina shi ne, barin alkama magani ne ga mai wata cuta sananniya, kuma wajibi ne mu taimaka masa a gida da makaranta da kan hanya. Wanda ba shi da cutar kuwa, in ya bar alkama don ya rame, kallon kitse yake yi wa rogo.

Bari in fara da abin da ya sa muka bar ta. Autarmu tun tana ƙarama ba ta da ƙoshin lafiya. Kullum cikin zawo take, cikinta a kumbure, ƙafafunta kamar sillen kara, idonta fari fat saboda ƙarancin jini. Tana da shekara 8 amma in ka gan ta sai ka ce 'yar shekara 5 ce. Wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce tsutsar ciki, wasu ma suka ce mayu ne. Babu irin jiƙon da Inna ba ta ba ta ba. Daga baya Baba ya kai ta wani babban asibiti, inda likita ya auna jininta, sa'an nan aka zura mata wani siririn bututu ta baki aka ɗebo ɗan ƙyallin hanjinta aka duba. Nan ne aka gane tana da cutar da likitoci ke kira siliyak.

Ga yadda cutar take, kamar yadda likitan ya bayyana wa Baba. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsi na ƙasashen sanyi da ake kira rai, akwai wani sinadari mai suna gulutin. Shi ne ke sa ƙullun fulawa ya yi danƙo, ya miƙe in an ja shi, ya kuma tashi in an sa masa yis. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Amma mai wannan cuta in ya ci shi, sai garkuwar jikinsa ta juya ta far wa ƙaramin hanjinsa. Cikin wannan hanji kuwa akwai wasu 'yan tsinkaye ƙanana birjik kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini. Cutar sai ta goge su, hanjin ya zama sumul, abinci ya riƙa wucewa ba tare da jiki ya amfana ba. Shi ya sa Auta take ci amma ba ta girma. Har yau babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da wannan cuta. Maganinta guda ne, watau a bar alkama da danginta har ƙarshen rai.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Dicke shi ne ya tabbatar da haka. A lokacin yunwar da ta afka wa ƙasarsu a 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, burodi ya yi wuya, sai ya lura yaran da ke fama da wannan ciwo suna samun sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. A 1950 ya rubuta sakamakon bincikensa. Masana sun ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da cutar, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Kada wani ya ce ai ciwon Turawa ne. A 1999 wasu likitoci suka auna yaran mutanen Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin gudun hijira a Aljeriya, suka tarar kusan yaro 1 cikin 18 yana da ita. Waɗannan kuwa 'yan Afirka ne kamarmu, burodin alkama ne ya zama babban abincinsu.

Da muka dawo daga asibiti Baba ya tara mu ya ce daga yau tukunyar gida ɗaya ce, abin da Auta ba za ta ci ba ba za a dafa shi ba. Mun zaci za mu sha wuya, ashe ba haka ba ne. Gero da dawa da masara da shinkafa da acha duk babu gulutin a cikinsu. Haka nan wake da doya da rogo da dankali da gyaɗa. Muka ci gaba da cin tuwon dawa miyar kuka, da dambu, da fate, da alale, da koko da ƙosai, da fura da nono. Abin da muka bari shi ne burodi, da taliya, da gurasa, da fanke, da funkaso, da alkaki, da cincin, da biskit, da tuwon semo. Cikin wata shida Auta ta murje, kumatunta suka fito, har aka sake mata ɗinkin makaranta.

A gida abin da sauƙi. Sai da muka yi tafiya na san inda gizo ke saƙar. A hutun da ya wuce muka tashi daga Kano zuwa Jos bikin 'yar Gwaggo, muka bi ta Zariya da Pambeguwa da Saminaka. Duk inda mota ta tsaya sai masu talla su yanyame mu, kuma abin da suka fi miƙowa ta taga shi ne burodi da biskit da fanke. In ka je teburin mai shayi, burodi ne da taliyar leda. Har abincin da muke ɗauka namu ne na gargajiya sai da Inna ta yi tambaya a kansa. Mai ɗanwake ta ce da fulawa ta haɗa ƙullunta. Mai ƙosai kuwa a mai ɗaya take suyar ƙosai da fanke, kuma ɗan ɓurɓushin da ya rage a man ya isa ya tayar wa Auta da ciwo. Don a gane ƙanƙantar abin, ƙa'idar duniya ita ce ba a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin sai in abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba.

Abin da ya cece mu shi ne guzurin Inna. Tun daren jiya ta dafa ƙwai da dankalin Hausa, ta ƙulla soyayyar gyaɗa da dabino da ƙuli-ƙuli, ta dama fura ta zuba a gora. A hanya muka ƙara da ayaba da lemo da gasasshiyar masara, waɗanda babu mai iya cuɗa su da fulawa. Garinmu ma daga gida muka ɗauko shi, gama Inna ba ta yarda da injin niƙan da ba ta sani ba, kada a ce yanzu aka gama niƙa alkama a ciki.

Amma babbar jarrabawa ba a tasha take ba, a gidan biki take. Muna isa aka jere mana faranti na alkaki da cincin da funkaso. Gwaggo ta ɗauki alkaki ta miƙa wa Auta. Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, likita ya hana ni." Gwaggo ta ɓata rai ta dubi Baba ta ce, "Yaya, wannan wane irin sanabe ne? Ɗan alkaki guda ne zai kashe ta? Mu da muka tashi muna ci me ya same mu?" Baba ya zaunar da ita ya yi mata bayani, amma washegari wata baƙuwa ta ga yarinya ita kaɗai ba ta cin komai, tausayi ya kama ta, ta lallaɓa ta ba ta biskit. Kwana uku Auta ta yi a kwance tana murƙususu, ba ta ga kai amarya ba. Da Gwaggo ta ga haka da idonta sai ta yi nadama, ta shiga kasuwa ta sayo acha, wadda ake nomawa sosai a ƙasar Filato, ta riƙa yi mana gwate da tuwonta har muka dawo. Gani ya kori ji.

Yanzu in komo kan ramewata, wadda ita ce ta jawo surutu. Gaskiya ne na ragu da kilo 7 cikin shekara guda, amma dalilin a fili yake. A da duk kuɗin da aka ba ni a fanke da cincin da lemon kwalba yake ƙarewa. Fanke da cincin a mai suke iyo, kuma malamar kimiyyar abinci ta koya mana cewa giram ɗaya na mai yana ba jiki kalori 9, alhali na tsaba ko sukari 4 yake bayarwa. Kwalbar baƙin lemo ta santilita 35 kuma tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9. Da aka daina shigo da kayan fulawa gidanmu, sai na rabu da soye-soyen nan, lemon da nake korawa da shi ma ya fita daga raina. Ban da haka, na shiga ƙungiyar wasan ƙwallon raga, kullum da yamma ina fili. Rage mai da sukari da yawan motsa jiki su suka rage ni. A nan makaranta ina cin burodina na safe kamar kowa, domin ni ba ni da cutar. Wanda ya bar burodi ya koma narkar tuwon shinkafa malmala uku da lemon kwalba, babu abin da zai ragu a jikinsa. Kuma ku lura, ita Auta da ta bar alkama ƙiba ta yi.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana mata ku daina horar da kanku da yunwa. A shekarunmu jiki yana gini, ƙashi yana tsawo, kuma muna bukatar abinci mai ƙara jini fiye da kowane lokaci. Mai zama da yunwa don ta rame da mai shan ƙwayar sha-ka-fashe don ta yi ƙiba, duk jirgi ɗaya ya ɗebo su, jikin da Allah ya ba su amana suke cuta.

Na san wasu iyaye za su ce ƙin cin abincin mai masauki rashin tarbiyya ne. Haka ne, an koya mana girmama wanda ya karɓe mu. Amma ai dalilin ba baƙo abinci shi ne a kyautata masa. In mai ciwon sukari ya ƙi shan shayi mai zaƙi ba ma cewa ya raina mu, to me ya sa za mu ce haka ga yarinyar da alkama ke goge wa hanji? Wasu kuma za su ce makaranta ba za ta iya dafa wa kowace ɗaliba tukunyarta ba. Ba a bukatar haka. Ranar da ake ba da shayi da burodi a ba ta koko da dafaffen ƙwai, ranar taliya a ɗebar mata shinkafa da wake. Wannan ba zai ƙara wa makaranta wani kuɗin kirki ba.

Hasali ma komawa ga hatsinmu riba ce ga kowa. Kakanninmu sun san alkama, suna nomanta da rani a fadamu, amma abincin biki da salla ce a wurinsu. Yau ta zama ta kullum, ga shi kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 na wadda muke ci daga ƙasashen waje ake sayo ta. A 1987 gwamnati ta taɓa hana shigo da ita don a ƙarfafa noman gida, amma a 1992 aka janye hanin. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, ƙasashe biyu masu sayar wa duniya alkama da yawa, kowa ya ga yadda kuɗin burodi ya tashi. Geron da ke rumbun manominmu kuwa ba ya jiran jirgin ruwa.

Daga ƙarshe ina da kira guda uku. Iyaye, in kuna da yaro mai yawan zawo da kumburin ciki da rashin girma, ku kai shi asibiti ku nemi a auna shi, kuma kada ku hana shi alkama kafin awon, domin in ya daina ci gwajin yana iya nuna lafiya lau alhali cutar na nan. Hukumar makaranta, a riƙa tambayar iyaye tun ranar ɗaukar ɗalibai ko akwai abincin da likita ya hana ɗansu, a sanar da masu dafa abinci. Mu kuma ɗalibai, in muka ga wata ta ture wani abinci saboda lalura, kada mu kira ta mai iyayi, kada kuma mu kwaikwaye ta ba mu san dalili ba. Nan da shekara uku Auta za ta shiga makarantar kwana, kuma ina fata ta tarar da masu fahimtar halinta. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kiyaye masu tafiya, amin.